Wanda Ya Kashe Talle

Da sojoji suka koma bariki, kowa a Ƙofar Marusa ya tashi yana son kujera. Mai sayar da gawayi ma ya ɗinka babbar riga. Lado ɗan ƙanwata ya ce shi kansila zai zama.

A Kaduna Lado ya girma, wurin dangin ubansa. Ya dawo Katsina da ɗan gemu da Turanci a baki, babu sana'a. Ya taɓa sayar da kaset, ya taɓa kiwon kajin gidan gona. Da kajin suka mutu ya ce su ne ba su fahimci tsarinsa ba.

A unguwarmu ba a ofishin jam'iyya ake tsayar da ɗan takara ba, a zauren Alhaji Audu ake tsayarwa. Shi ne babban mahautan unguwa, dattijo mai haƙorin Makka, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu. Wanda ya ɗaga wa hannu ya gama. Ya faɗa a masallaci cewa Juma'ar ƙarshen wata, bayan La'asar, zai ɗaga hannun wanda ya yi wa unguwa abin kirki. Masu so suka bazama. Wani ya yashe kwata, wani ya zubo butoci a masallaci har ba wurin aje takalmi.

Ni kuwa Alhaji ya ja ni gefe ya ce, "Malam Shehu, yaron nan naka mai Turanci nake tunani. Ka ce mashi ya natsu kawai."

Na ce wa Lado ya natsu. Ya tafi GRA ya sayo kwamfuta.

A gwanjon wani ofis ya same ta, ya ɗauko ta a bayan ɗan acaba ya rungume kamar jaririya, ya girke ta a zaurena kusa da keken ɗinkina, don ni ke da layin wuta. Cikinta an manta wani faifai na wasa. Wai wani kisa ne aka yi a ƙasar Turawa tun zamanin kakanninsu, ba a taɓa gano mai laifin ba. Kai mai wasa sai a ba ka doguwar kwat da gilashin dubawa mai ƙara girman abu, ka bi lungu-lungu kana tambayar mutane, a ƙarshe ka nuna wanda ya yi. In ka yi kuskure kwamfutar ta yi wani kuka irin na tsohon bunsuru. Kukan nan na sha shi safe da yamma.

"Kawu, ka ga aikin ilimi?"

"Na dai ji tana kuka."

"Ita ce ba ta gane ba. Mai dafa abincin nan ne ya yi kisan. Turawa ne ke kare shi."

"Jiya ka ce likita ne."

"Tare suka yi."

In masu wuta sun ɗauke, sai ya tafi gidan kallo a Kambarawa inda ake saka finafinai irin wannan, ya dawo yana ba ni bayani ban tambaye shi ba. Wai Turawa ba su barin matattunsu su huta. Wanda aka kashe shekara ɗari sai su tono maganar, su yi fim, su yi wasan kwamfuta, duniya ta saya. Wai gane mai laifi ba wuya: ka duba wanda ya sunkuyar da kai, ka duba wanda ya kasa faɗin sunan mamacin, ka duba wanda ya gaje gida.

To, mu ma muna da namu kisan, in ana kiran sa kisa. Duk yaran unguwa sun san shi. Wai zamanin En'e akwai wani mahauci Talle, aka wayi gari aka tsinci taguwarsa jina-jina a gindin ganuwa, gawa babu, mai laifi babu. Da shi mata ke tsorata yara kada su daɗe a ganuwa.

Mu tsofaffi mun san sauran. Ba wanda ya kashe Talle. Ranar hawan ƙaho, wasan da mahauta ke yi da bijimai, ya tsaya gaban makaɗa da surukansa ya rantse zai hau ƙahon wani farin sa ba laya ba guru. San ya ɗaga shi sama, ya jefa shi kududdufi, ya riƙe wandon a ƙaho ya zaga fili da shi. Talle ya fito daga ruwa cinya na jini, ya dafe gaba da baya ya sheƙa. A gindin ganuwa ya tarar da shanya, ya suri zanen wata ya ɗaura, ya yar da taguwar, ya yi gabas. Bai tsaya ba sai Sudan. Gari ya ɗauka 'yan fashi sun tare shi. Matarsa Hajo ta ƙi yin takaba, ta ce ba ta ga gawa ba.

Bayan kusan shekara goma sai ga shi ya dawo, ya yi ƙiba, ya yi gemu, ya yi hajji, yana amsa sunansa na yanka, Audu. Dama Talle laƙabin maraici ne. Dattawa suka taru suka ce mutum ya sha wuya, a rufa mashi asiri. Daga ranar babu Talle, sai Alhaji Audu. Aka shafa fatiha. Mu da muka ga wandon nan a ƙaho, in mun tuna sai mu yi tari.

A teburin mai shayi Lado ya ji labarin, irin na yara. Ya faɗo zaure ko sallama babu.

"Kawu! Unguwa na zaune a kan kisan kai, mutane na can suna yashe kwata! Ni zan gano wanda ya kashe Talle. Ashraf mai ɗaukar biki zai ɗauka a bidiyo, mu yi fim, mu yi wasan kwamfuta, a saya har Ikko, har Landan. Ranar Juma'a gaban kowa zan nuna mai laifin. Alhaji sai ya ɗaga hannuna har kafaɗa ta gurɗe."

"Lado, bar maganar Talle."

"Saboda me?"

"Na ce ka bari."

Ya matso, ya zaro wani gilashin dubawa da ya sayo wurin mai gyaran agogo, ya leƙo ni ta ciki da ido ɗaya ƙato.

"Kawu, kai kana ina ranar da abin ya faru?"

"Ranar, uwarka ma tana goye a baya. Ɗauke mani wannan abu daga fuska."

Washegari ya sayo kwat a gwanjo, baƙa, mai kauri kamar bargon doki, har idon sawu. Tsakiyar bazara ake, ƙadangaru ma sun nemi inuwa. Ya saka, ya ɗaga wuyanta sama, ya ari diga ya nufi ganuwa, gumi na bin sawunsa. Ashraf na biye da kyamara a kafaɗa, yana tambayar wa zai sayi batir.

Kafin Azahar Lado ya tono wani dogon ƙashi. Ya naɗe shi a farin ƙyalle, ya ɗauko bisa hannu biyu ya ratsa unguwa yana cewa a kauce, ƙaurin marigayi Talle ne. Mata suka leƙo suna salati. Ya tsaya ƙofar masallaci ya ce Liman ya fito a yi wa bawan Allah sallar da ba a yi mashi ba.

Liman ya fito. Shi ma yana fili ranar hawan ƙahon. Ya dubi ƙyallen, tari ya kama shi.

"Mu ga," in ji wani daga baya.

Lado ya buɗe da girmamawa. Ƙyalle ya zame, kofato ya leƙo.

"Ashe Talle da kofato yake yawo!"

"Shi ya sa ba a cim mashi ba!"

Lado ko gezau. Ya ce, "Mai bincike ba ya raina shaida. Jakin mai laifin ne. An kashe shi don kada ya nuna hanya."

Liman ya shige masallaci, muna jin tarinsa har waje.

Bayan kwana kaɗan ya koma neman sawun yatsu. Kusa da ganuwar akwai garken awakin Jummai mai ƙosai, an kewaye shi da zana. Lado ya durƙusa da rana tsaka, ya kafa gilashinsa a jikin zanar, ya juya yana yi wa kyamara bayani da Turanci. Ashraf ya ce yana jin ƙauri. Lado ya ce kada ya katse shi. Kafin ya kai ƙarshen magana zana ta kama. Awaki suka fasa suka watsu, ɗaya ta shige tsakanin ƙafafunsa ta tafi da shi cikin toka. Da kwat ɗin aka kashe wutar. Ranar kaɗai ta yi amfani.

Jummai ta zo da matsamin ƙosai a hannu.

"Kai ɗan gidan uban wa?"

"Iya, ki kwantar da hankali, sawun yatsun mai kisa nake nema."

"A zanar da na kafa bara? Kisan zamanin En'e?"

"Mai laifi kan dawo wurin da ya yi ta'asa."

"Ga shi kau ya dawo! Ku riƙe mani shi!"

Ni na je na ba ta haƙuri, na sayo sabuwar zana na ɗaura da hannuna. Da na dawo na tarar da shi gaban kwamfuta, gira ɗaya ta ƙone, yana tuhumar matar likita. Bunsurun ya yi kuka.

Na yi zaton ya gaji. Ashe gidan Alhaji ya nufa, wurin Hajo. Abin da ya faru ita ta ba matata labari, Ashraf kuma ya cike saura. Ya tarar da ita a tsakar gida tana tuƙa tuwo. Aka gaisa, ta tambayi uwarsa, ta tambayi mutanen Kaduna, ta tambayi abin da ya sami girarsa. Ya gyara wuyan kwat.

"Gwaggo Hajo, wanda aka tsinci taguwarsa a ganuwa, mijinki ne?"

Ta ja mayafi ta rufe baki.

"Faɗi sunansa, Gwaggo."

"Kai, Lado! Ba ka da ta ido?"

Macen zamaninmu ba ta faɗin sunan miji ko alƙali ne ya tambaya. Lado ya san haka. Uwarsa har ubansa ya rasu ba ta taɓa kiran sunansa ba. Amma ya juya ya ƙifta wa kyamara ido.

"Kin yi kuka da abin ya faru?"

"Kukan mi? Haushi dai na ji, wata guda ban fita ba."

"Takaba fa?"

"A'uzubillahi! Mugun baki gare ka, yaro."

"Gidan nan na wane ne?"

"Na mai gidan ne."

"To shi Alhaji da wace hanya ya shigo cikinsa?"

"Ta ƙofar da za ka fita yanzu."

Ta zaro muciya daga tukunya. Lado ya iso zaurena da tuwon dawa mai zafi manne a ƙeya, yana murna.

"Kawu, magana ta fito! Ba ta yi kuka ba, ba ta yi takaba ba, ta kasa faɗin sunansa. Wani kuma ya zo daga baya ya gaje gida, ya gaje mata, ya gaje rumfar nama."

Nan na ga inda ya dosa. Na tsayar da keke. Fatiha dai an shafa, amma na ce gara in karya alkawari da a yi abin da ke tafe.

"Zauna, Lado. Talle da kake nema..."

Ya toshe kunnuwa da yatsu. "Kada ka faɗa! Mai bincike na gaskiya ba ya karɓar satar amsa!"

"Ka ji ni mana, ɗan nema."

"Ba na ji! Ba na ji!"

Ya fita da gudu, yatsu a kunne, ya yi karo da mai ruwa a ƙofa. Na dubi garwa biyu na malala a ƙasa. Na ce to. Na koma ɗinkina.

Ana gobe Juma'a ya je wurin Alhaji da kansa. Ina zauren, da ni da Liman. Ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ya kamata, an kwana lafiya, ya iyali, ya kasuwa, ya zafi, har na fara sa rai. Sai ya ce, "Alhaji, ka san Talle?"

Carbin Alhaji ya tsaya. Ya sunkuyar da kai. Liman ya yi tari.

"Na ji labarinsa."

"Wane irin mutum ne?"

"Wawa ne mai cika baki. Ka bar shi inda yake."

"Ashe ba ka son sa."

"Ko tuna shi ban so."

"Ɗingishin nan fa, Alhaji, a ina ka samo shi?"

Gumi ya keto wa Alhaji. Ya ja riga ya rufe cinyar. Ya dube ni, na dubi rufin zaure. Can ya sassauta murya.

"Lado, ɗana. Ka bar tone-tonen nan. Gobe ka yi wanka, ka cire wannan bargo, ka sako farar riga ka zo ka zauna kusa da ni. Ka gane abin da nake nufi?"

"Na gane ƙwarai, Alhaji."

Muna fita ya damƙi hannuna. "Ka ji, Kawu? Toshiyar baki! Da kujerar kansila zai saye ni!"

"Kujerar ba ita kake nema ba?"

"Jama'a za su ba ni da kansu in na tona shi."

"Jama'ar wa?"

Bai tsaya ba. Wai zai je ya shirya gawa.

Ranar Juma'a bayan La'asar ƙofar gidan Alhaji ta cika. An shimfiɗa tabarmi, mutanen jam'iyya sun zo da mota daga Kambarawa, masu kalangu na gefe, mata sun yi cincirindo a soro da bisa katanga. Mai kwata ya zo da shebur ɗinsa a kafaɗa don kada a manta. Mai butoci ya ƙaro butoci. Alhaji na kan kujera cikin shadda, ya bar wuri a damansa, yana ta duban hanya.

Sai ga Lado cikin kwat, rabinta ƙonanne. Ashraf na gaba da kyamara. A baya ga Idi ɗan dako, ƙaton mutum mai sanyin rai, wanda aka yi yarjejeniya da shi zai fito a gawar Talle a kan ƙwaryar fura. Furar ya fara shanyewa kafin ya yarda ya taho.

Lado ya ce a ba shi fili, zai nuna wa jama'a aikinsa. Ya kwantar da Idi tsakiyar tabarma, ya kwarara mashi zoɓo a ƙirji a madadin jini, ya lulluɓe shi da zane, ya ce ko sama za ta faɗo kada ya motsa. Ƙudaje suka taru. Idi bai motsa ba.

"Jama'a, ga Talle, bawan Allah, an zalunce shi! Yanzu ku ga yadda mai kisan ya zo."

Ya shiga bayan motar jam'iyya. Da ya fito ya ɗora babbar riga a kan kwat, ya cusa matashi a ciki, ya manna takardar alewa mai ruwan zinari a haƙori, yana ɗingishi da ƙafar hagu, yana jan carbi. Yara suka fara dariya, suka dubi Alhaji, suka haɗiye. Masu kalangu suka sauke hannu.

Lado ya zaga gawa, ya ɗaga wuƙar kwali ya caka, ya caka, matashin ya sulluɓo ya faɗi. Ya cire rigar, ya koma mai bincike, ya ɗaga gilashi sama.

"Wa ya sunkuyar da kai da aka ambaci marigayi? Wa ya samu rauni a cinya wurin kokawa da shi? Wa ke kwana a ɗakinsa, yana cin tuwon matarsa, yana yanka a rumfarsa? Wa ya so ya saye bakina da kujera jiya?" Ya miƙe hannu. "Alhaji Audu, kai ka kashe Talle!"

Idanu duka suka koma kan Alhaji. Sai tarin Liman. Sai na wani tsoho. Sai nawa, ban iya riƙewa ba. Layin dattawa gaba ɗaya ya ɗauki tari kamar an turara barkono.

Matasa kuwa ba su san komai ba. Suka fara gunaguni. Wani ya ce dama ɗingishin nan bai kwanta mashi ba. Shugaban mutanen jam'iyya ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce su fa ba za su karɓi ɗan takara daga hannun wanda ake tuhuma da jini ba, a kira 'yan sanda a tantance. Wani ya hau keke zai tafi caji ofis.

Hajo ta ƙwalo wa mijinta daga soro, "Malam, ka faɗa masu mana! Sai sun sa maka ankwa?"

Alhaji ya miƙe a hankali. Ya dubi mai keken, ya dubi mutanen mota, ya dubi ƙasa.

"Dawo da keken nan. Ni ne Talle."

"Ƙarya ne!" in ji Lado. "Talle ya mutu, ga gawarsa nan!"

"Wannan Idi ne."

"To in kai ne, jinin taguwar fa?"

"Nawa ne."

"Wa ya sare ka?"

Alhaji ya hau jan carbi.

"Kun gani? Ya kasa faɗa! Wa ya sare ka, Alhaji?"

"Sa ne."

"Wane sa?"

Nan wani tsohon makaɗi, wanda ko haƙori ɗaya ba ya da shi, ya kasa daurewa. Ya ce, "Fari ne! Wallahi fari ne, mai ƙaho haka! Da wandon ya zaga fili sau..." Bai ƙarasa ba dariya ta kayar da shi kan kalangunsa. Shi ke nan. Dariyar da aka danne shekaru aru-aru ta ɓalle. Liman ya cusa rawani a baki yana hawaye. Tsofaffi suka shiga ba matasa labari kowa da nasa, wannan ya ce wandon shuɗi ne, wancan ya ce saƙi ne, wata tsohuwa bisa katanga ta ce zanen da aka sura na yayarta ne, har ta mutu tana cigiya. Mutanen jam'iyya suka riƙe mota suna ƙyaƙyatawa. Ashraf bai sauke kyamara ba ko sau ɗaya.

Alhaji na tsaye, shadda ta jiƙe sharkaf.

Lado ya dubi hagu, ya dubi dama. Ya gyara wuyan kwat, ya hau kan benci.

"Jama'a, kun ga aiki! Shekara da shekaru ana neman Talle, En'e ta kasa, soja ya kasa, ni Lado na gano shi da ransa! Alhaji, ga hannuna."

Ya miƙa hannun. Alhaji ya dube shi.

"Wa ya ce maka na ɓace?"

"Amma dai na warware..."

"Ka warware ni, ƙwarai kau. Sauka mani daga benci."

Mai kwata ya matso da shebur yana murmushi. Mai butoci ya ture shi. Alhaji bai dubi ko ɗaya ba, don ya ga haƙoransu duka a waje ɗazu. Ya bi taron da ido, fuska bayan fuska, ko'ina ana share hawayen dariya. Har idonsa ya sauka kan tabarma.

"Wancan da ke kwance, shi bai yi dariya ba?"

Ashraf ya ɗaga zanen. Idi na munshari, baki buɗe, ƙudaje na shan zoɓo a ƙirjinsa.

"Barci yake, Alhaji."

"Tun yaushe?"

"Da alama tun kafin a kashe shi."

"Bai ji komi ba?"

"Ko ɗaya."

"Ya taɓa tambayar wani abin da bai shafe shi ba?"

"Idi? Ko abin da ya shafe shi ba ya tambaya."

Alhaji ya ɗingisa har tsakiyar tabarma, ya sunkuya, ya kamo hannun Idi mai danƙon zoɓo ya ɗaga sama.

"Ga ɗan takararku."

Mutanen jam'iyya suka dubi juna, suka ce wallahi irin wanda suke nema ke nan. Kalangu ya ɗauka. Lado ya buɗe baki, na damƙi wuyan kwat ɗin na zaunar da shi.

Ƙarar kiɗa ta sa Idi ya buɗe ido ɗaya. Ya ga hannunsa a sama, ya ga jama'a na tafi.

"Alhaji, an gama? In tashi?"

"A'a," in ji Alhaji. "Koma ka kwanta. In za a rantsar da kai a tashe ka."